ILIMI GISHIRIN ZAMAN DUNIYA: Me ke kashe aikin gayya?

A garuruwa da yawa na karkara, jama'a kan haɗa kai su tada aiki. Wasu su kafa rumbun tsimi. Wasu su haƙa rijiya. Wasu su buɗe asusun gyaran famfo. Shekarar fari kowa na zuwa, kowa na zubi. Shekara ta biyu sai a ga mutane sun ragu. Kafin ta uku rumbu babu ko ƙwaya, famfo ya lalace, babu kuɗin gyara. In an tambayi dalili, sai a ce: mutanen yanzu son kai gare su.

Shin haka ne? Filin wannan wata zai kawo amsar da masana tattalin arziki suka samo. Tattalin arziki shi ne ilimin yadda mutane ke neman dukiya, da yadda suke kashe ta, da yadda suke raba ta. Da can, lissafin masanan nan ya ginu a kan cewa kowane mutum ribarsa kaɗai yake bi. Daga baya wasunsu suka ce a bar zato, a gwada mutane da kuɗi na gaske a gani.

GWAJIN RABO

A shekara ta 1982, wani malami mai suna Werner Güth da abokan aikinsa biyu suka bayyana wani gwaji da suka yi a jami'ar Kolon, ƙasar Jamus. Ga yadda yake. Ana haɗa mutum biyu, babu wanda ya san da wa aka haɗa shi. Ana ba na farko kuɗi, a ce jikka 10. Shi zai faɗi nawa zai ba na biyu. In na biyu ya yarda, kowa ya ɗauki rabonsa. In ya ƙi, su duka biyu su tashi hannu banza. Sau ɗaya ake yi, babu ciniki.

Da son kai ne kaɗai ke tuƙa mutum, da na farko dala guda zai miƙa. Na biyu kuma da ya karɓa, tunda da babu gara ba daɗi. Amma ba haka aka gani ba. An sake gwajin nan sau ɗaruruwa a ƙasashe da dama. Mafi yawan mutane suna miƙa jikka 4 ko 5 cikin 10. In kuwa aka miƙa ƙasa da jikka 2, kusan rabin mutane ƙi suke yi. Sun gwammace su rasa kuɗin da a raina masu hankali.

Wani zai ce ai tsoro ne ya sa na farko ya yi rabon kirki. Masana sun duba wannan ma. Suka canza ƙa'ida, suka hana na biyu ta cewa. Nan kyauta ta ragu. Kusan mutum ɗaya cikin uku ya riƙe kuɗin duka. Amma sauran sun ba da wani abu, ga mutumin da ba su sani ba, ba kuma za su taɓa haɗuwa da shi ba. Ashe tsoro na nan, kirki ma na nan.

KOWANE GARI DA IRIN RABONSA

Gwaje-gwajen farko da ƴan jami'a aka yi su. Saboda haka wasu masana, a ƙarƙashin Joseph Henrich, suka kai gwajin rabo ƙauyuka da rugage. Sun gwada al'ummu 15 a ƙasashe 12, manoma da makiyaya da mafarauta da masunta. Kuɗin da aka sa ya kai ladan aikin yini ɗaya ko biyu. An bayyana sakamako a shekara ta 2001.

A dajin ƙasar Feru, cikin Amurka ta Kudu, akwai mutanen Macigenga. Kowane gida da kansa yake noma da farauta, ba kasafai suke aiki da waɗanda ba danginsu ba. Su kashi 26 cikin 100 suka miƙa, kuma kusan babu wanda ya ƙi karɓa. A garin Lamalera na ƙasar Indunusiya kuwa, mutane suna farautar wata dabbar teku da ta fi giwa girma. Mutum ɗaya ba ya iya wannan farauta, sai an cika jirgi da maza, kuma akwai ƙa'idar rabon nama. Su fiye da rabi suka miƙa. Makiyayan Orma na ƙasar Kenya sun miƙa kashi 44 cikin 100.

A cikin al'ummun nan 15, babu ko ɗaya da ta yi abin da tsohon lissafi ya ce. Abin da aka lura shi ne: inda neman abinci ke buƙatar haɗa hannu, da inda aka saba ciniki da baƙo a kasuwa, nan rabo ya fi adalci. Wato hali yana bin irin zaman da mutum ya saba.

TUKUNYAR GAYYA

Gwajin da ya fi kama da rumbun tsimi shi ne na tukunya. Malamai biyu, Ernst Fehr da Simon Gächter, sun yi shi da ƴan makaranta 240 a birnin Zurik, ƙasar Suwis. Sun bayyana shi a shekara ta 2002.

Ana haɗa mutum huɗu. Kowa a ba shi kuɗi, a ce dala 20. Kowa ya zuba abin da ya ga dama a tukunya, a ɓoye. Duk dala 10 da aka zuba, mai gwaji ya mai da su 16. Sannan a raba wa mutum huɗun daidai, da wanda ya zuba da wanda bai zuba ba.

Ga lissafin. In kowa ya zuba dala 20, tukunya ta tara 80, ta koma 128, kowa ya tashi da 32. In mutum uku suka zuba, ɗaya ya ƙi, tukunya ta tara 60, ta koma 96, kowa ya samu 24. Amma wanda ya ƙi zubi yana riƙe da dalarsa 20, ya tashi da 44. In kowa ya yi wannan wayo, kowa ya tsaya a dala 20, babu ƙari.

Da fari mutane kan zuba kusan rabin kuɗinsu. Da aka yi ta maimaitawa, sai zubi ya riƙa raguwa, zagaye bayan zagaye. An ga haka a wurare da yawa. Makiyayan Orma ma an kai masu irin wannan tukunya. Da aka yi masu bayani, sai suka ce ai wannan harambe ne, wato gudummawar da ake tarawa a Kenya don gina makaranta ko gyaran hanya.

Me ke sa zubi raguwa? Wani gwaji na shekara ta 2001, shi ma a Zurik, ya ba da amsa. An tambayi kowa nawa zai zuba in sauran sun zuba kaza. Rabin mutanen suka nuna cewa zubinsu yana bin na jama'a: in an zuba da yawa su zuba da yawa, in an rage su rage. Kusan 3 cikin 10 kuma cima-zaune ne, ba su zuba komi ko da kowa ya zuba.

To ga inda matsala take. Mai zubi ya ga cima-zaune ya fi shi samu. Ya ji an mai da shi wawa, sai ya janye hannu. Na kusa da shi ya ga haka, shi ma ya janye. Ba a jima ba tukunya ta bushe. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

IN AKWAI TSAWATAWA

Fehr da Gächter suka ƙara ƙa'ida guda. Bayan an ga abin da kowa ya zuba, mutum yana iya biyan dala 1 don a cire wa wani dala 3. Kowane zagaye ana canza abokan tukunya, saboda haka mai horon ba ya cin wata riba daga baya. Duk da haka, fiye da mutum 80 cikin 100 sun yi horo ko da sau ɗaya, kuma mafi yawan horon a kan masu ƙaramin zubi ya faɗa. Daga nan zubi ya daina raguwa, ya koma hawa.

Amma horo yana da nasa hatsari. A shekara ta 2008 an bayyana gwajin da aka yi a birane 16 na duniya. A wasunsu, kamar Atina ta ƙasar Girka da Maskat ta ƙasar Oman, wanda aka hora sai ya juya ya hori masu zubin kirki. A irin waɗannan wurare horo bai ɗaga zubi ba kamar yadda ya yi a sauran. Horon da ya zama ramuwar gayya ba ya gyara komi.

SHAIDA DAGA DAJIN HABASHA

Wannan duk gwaji ne cikin ɗaki. Shin haka yake a daji? A yankin Bale na ƙasar Habasha, gwamnati ta damƙa wa ƙungiyoyin mutanen Oromo kula da dazuzzukansu. Wani masani, Devesh Rustagi, da abokan aikinsa suka gwada mutanen ƙungiyoyi 49 da gwajin tukunya. Sannan suka kwatanta da yawan ƙananan itatuwa masu tasowa a dajin kowace ƙungiya. A shekara ta 2010 suka bayyana cewa ƙungiyar da ta fi yawan masu bin zubin jama'a, dajinta ya fi kyau. Irin mutanen nan ne kuma suka fi ba da lokacinsu wajen sintirin daji.

ABIN LURA GA ƘUNGIYOYI

Manomi da makiyayi ba baƙin wannan magana ba ne. Wanda ya je gayyar wani, shi ake zuwa tasa. Matar da ta kai biki, ita ake mayar wa. Bafillace kan ba ɗan'uwansa karsana habbanaye, ta yi masa haihuwa uku, ya riƙe maruƙa ya mai da uwar. Duk waɗannan sun daɗe don kowa yana ganin wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Wata masaniya ƴar Amurka, Elinor Ostrom, ta yi shekaru tana nazarin makiyaya da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa na jama'a. A shekara ta 2009 ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki, ita ce mace ta fari da ta same ta. Daga cikin abubuwan da ta tarar a ƙungiyoyin da suka daɗe akwai guda huɗu:

1. An san wane ne ɗan ƙungiya, an san iyakar dukiyarta.
2. Ƴan ƙungiya suna da hannu a tsara ƙa'ida.
3. Akwai masu sa ido, kuma jama'a na iya tuhumarsu.
4. Horo hawa-hawa ne: laifin fari horo kaɗan, in an sake a ƙara.

Nan ne karatu ke da rana. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci yana iya riƙe littafin ƙungiya. Ya rubuta wanda ya zuba, da tiya nawa, da wanda ya ci bashi, da ranar biya. Ranar taro a karanta a gaban kowa. Wanda fari ko rashin lafiya ya hana shi biya, jama'a su sani su ɗaga masa. Wanda yake da shi ya ƙi, a tsawata masa bisa ƙa'idar da aka yarda da ita tun fari, ko da ɗan'uwan shugaba ne.

Masu son zubi sun fi cima-zaune yawa. Abin da suke jira shi ne su tabbata ba su kaɗai ke zubawa ba. Ƙungiyar da ta ba su wannan tabbaci, rumbunta zai ga damina da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.