Daga Agege: A Kai 'Yan Mata Su Ga Gida

Jama'a, bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro suka yawaita a Agege. Yau da yawa daga cikin jikokinsu mata suna jin Yarbanci kamar 'yan gari, amma garin kakanninsu sai dai a labari.

To, shawararmu ga iyaye mata ita ce, kafin a ɗaura wa yarinya aure, uwa ta ɗauke ta su tafi gida a mota. Tafiyar Kano wajen kilomita 1,000 ce. Daga Badun a bi Ogbomosho da Ilori, a ƙetare Kwara ta gadar Jabba, yarinya ta ga yadda kurmi ke ja da baya, kaɗanya da gonakin dawa suna bayyana. A irin wannan dogon zama ne uwa kan samu sukunin faɗin abin da hidimar gida ta hana ta: wace ce goggo, wane ne kawu, ina aka binne kaka.

Sai dai a yi tafiyar rana, a kuma tambayi direbobi halin da hanyar Birnin Gwari take ciki kafin a tashi. Zumunci dai a ƙafa yake. Allah Ya kiyaye hanya, amin.