Tsuntsayen da ke Bin Masunta a Bakin Tekunmu

A wannan wata filinmu zai leƙa bakin teku. Duk wanda ya taɓa zuwa Chorkor ko Jamestown a Ankara, ko Elmina, ko Keta, lokacin da masunta ke jawo taru, ya ga wasu fararen tsuntsaye suna shawagi a kansu suna ta kuka. Suna da dogayen fukafukai da wutsiya mai reshe biyu kamar ta tsattsewa, shi ya sa za mu kira su tsattsewar teku.

Da yawa cikinsu baƙi ne. A Turai suke ƙyanƙyasa, a ƙasashe irin su Ingila da Ayalan da Holan. Daga watan Agusta zuwa Satumba sai su fara isowa nan. Zuwan nasu ya dace da lokacin da ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, wato daga Yuli zuwa Satumba. Wannan ruwa yana ɗauke da abin da ƙananan halittun ruwa ke rayuwa a kai, su kuma su ne abincin amane da sauran ƙananan kifaye. Inda kifi ya taru, nan tsuntsu zai sauka.

To, yaya suke cin abincinsu? Tsattsewar teku ba ta nutso can ƙasa. Takan tsaya a sama tana kaɗa fukafukai, kanta a sunkuye, da ta hango kifi kusa da saman ruwa sai ta faɗo kamar kibiya, ta cafke shi da baki, ta tashi. Saboda haka tana bukatar abin da zai koro mata kifi sama. A tsakiyar teku manyan kifaye irin su tuna ne ke yin wannan aiki, domin in sun fatattaki ƙanana, sai ƙananan su gudo sama. A kusa da gaɓa kuwa masunta ne ke yi. Yayin da taru ke matsewa, kifi yakan ruɗe ya taso, ƙanana su sulale ta idon taru, tsuntsaye kuma suna jira. Haka nan suna bin manyan jiragen kamun kifi suna tsintar abin da aka zubar.

Akwai kuma ɗan fashi a cikinsu, wani tsuntsu mai duhun launi da Turawa ke kira sukuwa. Shi yakan fafari tsattsewar teku har ta saki kifin da ke bakinta, ya cafe tun bai taɓa ruwa ba.

Amfanin bai tsaya ga tsuntsu kaɗai ba. Tun kafin zuwan na'urori, masunci kan duba inda tsuntsaye suka yi cincirindo suna faɗawa ruwa, ya juya kwalekwalensa can. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma wannan sabo da mutane ya jawo musu wahala. Yara kan ɗana musu tarko a kan yashi, su sa ɗan kifi a ciki. An sha samun tsuntsaye a hannun yara da zobe a ƙafa, wanda masu bincike suka sa musu a Turai. Wani nau'i mai ɗan ja-ja a ƙirji ya ragu ƙwarai a Ingila da Ayalan daga shekarun 1960 zuwa 1980. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 1985 aka kafa shirin ceton tsuntsayen bakin teku a Ghana, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta. A 1992 kuma aka sa tafkunan Keta da Songor da Sakumo da Muni da bakin kogin Densu cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Babbar damuwa yanzu ita ce kifin kansa. Amane da aka kama a ƙasar nan ya haura tan 130,000 a 1996, amma a 2016 bai kai tan 30,000 ba. Yawan jirage, da taru mai ƙananan ido, da kamun kifi da fitila cikin dare, duk suna da hannu. A 2019 gwamnati ta rufe teku ga masu kwalekwale na tsawon wata guda don kifi ya samu ya hayayyafa.

Jama'a, wannan magana ta shafe mu. Iyayenmu mata da ke sayen ƙyafaffen kifi su kai Kumasi da Tamale sun san yadda kwando ya yi tsada. Kifin da tsuntsu ya rasa, shi ne ya ɓace a tukunyar miyarmu. Mu ja kunnen yaranmu su bar ɗana tarko a bakin ruwa, mu kuma guji sayen 'ya'yan kifin da ba su isa kamu ba.

Allah Ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.