Kada a Hana Mutum Abincin Marmari, a Ba Shi Ranarsa

Duk shekara idan damina ta matso, 'yan ci-rani suna dawowa daga Abijan don noma, kuma da yawa daga cikinsu sukan biyo ta asibitinmu. A cikinsu akwai wani dattijo da ya daɗe yana kasuwanci a unguwar Ajame. Ya zo da ciwon kai da jiri. Da muka auna shi, jininsa ya hau sosai, sukarin jikinsa ma ya wuce yadda ya kamata. Bayan ya karɓi magani, sai na fara lissafa masa abin da zai bari: soyayyen abu, gishiri, sukari, mai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, to me ka bar mini? Ruwa?"

Na yi dariya, amma maganarsa ta tsaya mini a rai. Na san idan ya koma Abijan ba zai yi mako biyu a kan wannan doka ba. Daga ranar na sake tunani, kuma ga ra'ayina: kuskure ne mu ma'aikatan lafiya mu riƙa ce wa mutane su bar abincin marmari gaba ɗaya. Abin da ya kamata shi ne a dafa shi a gida, a auna abin da ake zubawa, a kuma ba shi ranarsa.

Marmari ba laifi ba ne

Wanda bai taɓa zaman baƙunci ba bai san darajar ƙanshin girkin gida ba. Mutum ya bar Maraɗi ko Tawa ko Katsina, ya yi kwanaki a mota, ya sauka a garin da ake magana da Faransanci da Jula. Ranar da ya sami kunun gyaɗa mai zafi, ko masa da miyar taushe, ko alkakin da aka aiko daga gida, ranar zuciyarsa takan kwanta. Allah ne ya halicci ɗanɗano, kuma kwanciyar hankali ma wani ɓangare ne na lafiya. Wanda aka hana shi komai, ko dai ya ci a ɓoye, ko ya daina zuwa asibiti don kada a yi masa faɗa. Na biyun ya fi haɗari, domin hawan jini yakan yi ɓarna shiru, ba tare da mutum ya ji wani ciwo ba, har ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza.

A ƙauye, iyayenmu suna cin alkaki da nakiya da dubulan, amma sai ranar salla ko biki ko suna. Sauran kwanakin tuwo ne da miyar kuka, fura da nono, kwaɗon zogale, ga aikin gona da tafiyar ƙasa. A birni abin ya juye. Abincin ranar salla ya zama na kullum, zama a rumfa kuma ya maye gurbin noma.

Yinin ɗan ci-rani a Abijan

Da safe mutum ya tsaya a teburin mai shayi, wanda mutanen Abijan suke kira "aboki". A zuba masa madarar gwangwani mai kauri, a ƙara sukari, a haɗa da burodi da wainar ƙwai. Da rana sai garba, wato aceke da soyayyen kifin teku da ake kira ton, a yanka attarugu da albasa, a murmushe dunƙulen miya a kai, sannan a kwarara man da aka soya kifin. Sananne ne cewa 'yan'uwanmu daga Nijar suna cikin waɗanda suka fi riƙe wannan sana'a, har ana cewa sunan abincin daga sunan Garba ya samo asali. Da yamma sai aloko, wato soyayyar agada, babbar ayabar nan ta suya, a kora da lemun kwalba ko zoɓo mai zaƙi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake guba. Aceke abinci ne mai daraja, har hukumar UNESCO ta sa fasahar yin sa cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2024. Kifin teku kuwa yana da amfani ga zuciya. Matsalar tana cikin jimillar yinin, kuma ga lissafin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da dunƙule. Kusan rabin nauyin dunƙulen miya gishiri ne. Ke nan babban dunƙule mai giram 10 shi kaɗai ya kusa cinye kason yini guda.

Game da sukari, shawarar ita ce kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemu ɗaya mai santilita 33 tana ɗauke da kusan giram 35. Madarar gwangwani mai kauri kuwa fiye da rabinta sukari ne. Wanda ya sha shayin safe da lemun yamma ya wuce iyaka tun bai taɓa alkaki ba.

Shi kuma mai, idan aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, yana kumfa yana hayaƙi, to ya lalace, kuma yana cutar da hanyoyin jini. A bakin titi ba ka san kwana nawa man ya yi a kasko ba. A gida ka sani.

Maganin yana Kasuwar Guro

Duk wanda ya zauna a Abijan ya san Kasuwar Guro ta Ajame. Matan ƙabilar Guro, daga tsakiyar yammacin Kodebuwa, su ne suka kafa wannan kasuwanci. Sun haɗa kai cikin ƙungiyoyi, suna ɗauko amfanin gona daga ƙauyuka da manyan motoci suna saukewa a birni tun da asuba. A nan za ka ga agada tuli-tuli, da doya, rogo, gauta, kuɓewa, tumatir, attarugu, kabeji, ganyen dankali, citta, lemun tsami, gwanda da abarba.

Abin mamaki, mutanenmu da yawa suna yini a gefen wannan kasuwa, wasu ma su ne suke dakon kayan, amma sai su yi mako guda ganye bai shiga bakinsu ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana so kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar. Wanda ya saba biyawa ta kasuwar da yamma, lokacin da mata suke son sallamar ragowar kaya, yakan sami sauƙin farashi.

Ga girki huɗu da nake koya wa marasa lafiya da iyalansu. Dukansu na marmari ne, kuma ban cire musu daɗi ba.

Garban gida. A sayi aceke mai kyau a turara shi. A wanke kifi da lemun tsami, a shafa masa tafarnuwa da citta da ɗan gishiri kaɗan. A gasa shi a kan gawayi, ko a soya a sabon mai wanda ya yi zafi sosai, domin abin da aka jefa cikin mai mai sanyi shi ya fi shan mai. A tsane shi a kwando. A yanka tumatir da albasa da kokwamba da attarugu har su kai yawan aceken. A matsa lemun tsami, a zuba babban cokali ɗaya na sabon mai ga kowane mutum. Kada a murmushe dunƙule a kai. Yaji da tsami za su rufe gurbinsa.

Miyar gyaɗa mai ganye. Ga mutum shida, babban cokali shida na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ya isa. Kada a ƙara wani mai, domin gyaɗa za ta fitar da nata. A sa daddawa, wadda ake kira sumbala a Abijan, da busasshen kifi, albasa da tumatir. A ƙarshe a zuba ganyen dankali ko alayyafo da yawa. Idan ba a iya barin dunƙule, a sa ƙarami ɗaya ga tukunya duka, a kuma rage gishiri. Harshe yakan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni idan aka rage sannu a hankali.

Agada biyu. A ranakun aiki a gasa agada a kan gawayi a ci da ɗan soyayyar gyaɗa, kamar yadda mata suke sayarwa a bakin hanya. Ranar Juma'a ko Lahadi sai a yi aloko. A zaɓi wadda ta nuna amma ba ta yi luguf ba, domin mai laushi sosai ta fi shan mai. A soya a sabon mai, a tsane, a ci da dafaffen ƙwai da miyar tumatir da albasa. Agada ɗaya ta ishi mutum ɗaya.

Kunun gyaɗa. A jiƙa ɗanyar gyaɗa kofi ɗaya a markaɗa, a tace da ruwa kamar lita ɗaya da rabi. A ɗora a wuta ana juyawa. Idan ya tafasa a zuba ƙullun shinkafa rabin kofi, a ci gaba da juyawa har ya yi kauri, sannan a sa ruwan tsamiya ko lemun tsami. Kada a zuba sukari a tukunya. Kowa ya sa ƙaramin cokali ɗaya a kofinsa da hannunsa, don ya ga abin da yake sha. A duba gyaɗar kafin a jiƙa, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta canja launi, domin irin wannan tana cutar da hanta.

Alkaki da nakiya da dubulan kuwa, ban ce a taɓa girkinsu ba. A yi su yadda kakanni suka yi, da zumarsu da komai. Amma a bar su a ranar salla da biki, a ci ɗaya ko biyu bayan abinci, a raba sauran ga maƙwabta.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Wani zai ce, "Malam, mu shida ne a ɗaki ɗaya, babu mace, babu murhu. Garba shi ne mai araha, shi ne mai riƙe ciki." Gaskiya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ko a wurin mai garba kana da baki. Ka ce kada ya murmushe maka dunƙule, kada ya kwarara man kasko, ya ƙara albasa da tumatir. Ka kora da ruwa a maimakon lemu. Mutum shida kuma suna iya haɗa kuɗi su dafa tukunya ɗaya ko da sau biyu ne a mako. Girki ba ya rage wa namiji daraja.

Wasu abokan aikina kuma sukan ce idan aka ba mara lafiya ɗan dama, zai wuce gona da iri. Hakan yakan faru. Amma abin da na gani a ɗakin awo shi ne, wanda aka ba ma'auni da rana yakan dawo ya faɗi gaskiyar abin da ya ci, sai mu gyara tare. Wanda aka hana shi komai yakan ce "na bari", alhali awo yana nuna akasin haka.

A kula da waɗannan

Mai ciwon sukari ba daidai yake da kowa ba. Lemun kwalba, zoɓo mai sukari da madara mai kauri ya bar su. Aceke, agada, shinkafa da kunu ma suna ɗaga sukarin jini, don haka ya zo mu auna masa kason da ya dace da shi. Mai hawan jini ya fi kowa bukatar rage gishiri, ko da siriri ne, ko da dako yake yi. Gyara abinci ba ya maye gurbin magani, kada kowa ya daina shan maganinsa sai likita ya ce.

Ƙananan yara masu rama kuma nasu daban ne. Su suna bukatar gyaɗa da mai da ƙwai a cikin kununsu, kada a rage musu. Jariri kuwa nonon uwa kaɗai har wata 6, kuma kada a ba shi zuma sai ya cika shekara 1.

Duk babba ya riƙa auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, to a ga likita. Mai yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya zo a auna sukarinsa.

Dattijon nan ya dawo damina ta gaba. Yana shan maganinsa, jininsa ya sauka, sukarinsa ya yi sauƙi. Na tambaye shi, "Baba, yaya aloko?" Ya ce, "Ranar Juma'a bayan masallaci, agada ɗaya. Kuma wallahi yanzu ta fi daɗi."

Allah ya ba mu lafiya, ya tsare matafiyanmu, ya dawo da su gida cikin ƙoshin lafiya.