Kuɗin Gwamnati Da Ran Mai Sarar Itace



'Yan uwa masu karatu, kwanakin baya na tsaya ina kallon wani bawan Allah ya hau wata doguwar darbejiya yana rage mata rassa. Ba igiya a ƙugunsa, ba hular kwano a kansa, ga zarton inji yana ruri a hannunsa guda, ɗaya hannun kuma yana riƙe da reshe. Ya sauko lafiya, aka biya shi, kowa ya kama gabansa. Amma abin ya tsaya mini a rai, har ya sa na nemi sanin yadda ƙasashen da suka dogara da katako suke yi da wannan sana'a. Labarin da ya fi jan hankalina shi ne na Niyu Zilan, domin a can an gwada abu biyu a lokaci guda: doka, da kuma tallafin gwamnati ga masu ƙirƙira.

Katako na daga cikin manyan abubuwan da Niyu Zilan take fitarwa waje, kuma gandayen itacen nata da yawa a kan gangaren tsaunuka suke. A irin wannan wuri, abubuwa biyu suka fi kashe ma'aikata. Na farko shi ne kayar da bishiya da hannu: ko ta faɗo ta inda ba a zata ba, ko ta maƙale a jikin wata ta zo ta rufto daga baya, ko busasshen reshe ya faɗo wa mutum a ka. Na biyu shi ne ɗaura wa gumagumai igiyar ƙarfe don a ja su sama, inda gungume ɗaya in ya kuɓuce zai murƙushe duk wanda ke ƙasa da shi. Shi ya sa ƙa'idarsu ta ce kada kowa ya kusanci mai sara da abin da bai kai tsawon bishiya biyu ba.

A shekarar 2013 mutum 10 suka rasu a wannan aiki. Marigayiya Helen Kelly, shugabar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar a lokacin, ta tsaya tare da iyalan mamatan, har ƙungiyar ta shigar da ƙara da kanta a wasu shari'o'in da hukuma ba ta gurfanar da kowa ba. A ƙarshen wannan shekarar aka buɗe hukumar WorkSafe, wadda kafa ta ya biyo bayan bala'in mahaƙar kwal ta Pike River da ya ci rai 29 a 2010. An yi bincike mai zaman kansa a kan sana'ar katako a 2014, sannan aka yi sabuwar dokar lafiya da kariya a wurin aiki a 2015, ta fara aiki a 2016. Dokar ta ɗora nauyi har a kan mai gandu da shugabannin kamfani, ba a kan ɗan kwangila kaɗai ba.

Ta ɓangaren ƙirƙira kuwa, tun 2010 gwamnati ta haɗa kuɗi da kamfanonin katako a wani shiri na binciken hanyoyin sara a kan gangare. Burin shirin a fili yake: a ɗauke mutum daga gangare, a kuma raba hannunsa da zarto. Daga cikin abin da aka tallafa akwai injin ClimbMAX, wanda wasu kamfanoni biyu na yankin Nelson suka ƙera. Inji ne mai tafiya a kan sarƙa, ana ɗaure shi da igiyar ƙarfe daga sama don kada ya zame, direba kuma yana zaune cikin ɗaki mai ƙarfi yana sare bishiya da hannun inji. An kuma gwada sarrafa inji daga nesa, ma'aikaci yana kallon allo alhali yana waje da inda bishiya za ta faɗi.

To, ga ra'ayina. Ina ganin wannan yana cikin mafi dacewar wuraren da dukiyar jama'a za ta shiga. Ƙaramin ɗan kwangila ba zai iya kashe shekaru yana gwajin injin da mai yiwuwa ba zai yi aiki ba, amma idan ya yi aiki, amfaninsa na kowa ne. Kuma idan ma'aikaci ya mutu ko ya naƙasa, ai al'umma ce take ɗaukar marayu da kuɗin magani. Saboda haka gara a kashe kuɗin tun da rai.

Sai dai akwai sharaɗi. Wani zai ce, ai waɗannan kamfanoni masu riba ne, don me za a ba su kuɗin talaka? Maganarsa tana da ƙarfi. Inji yana ƙara yawan katakon da ake sarewa a yini, kuma yana rage yawan ma'aikata, don haka abu ne mai sauƙi a karɓi tallafi da sunan ceton rai, a ƙare da ƙarin riba kawai. Amsata ita ce a auna tallafin da ma'aunin da aka nema shi da shi. Idan an ce don rai aka bayar, to a riƙa ƙirga mutum nawa suka koma gida lafiya, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon.

Abu na biyu, inji bai maye gurbin doka ba. Bayan 2013 mace-macen sun ragu ƙwarai, amma a shekarun da suka biyo baya sun sake hauhawa. Dalili kuwa shi ne, wurin da ya fi ƙarfin inji, wato mafi hatsari, shi ne ake tura mutum da zarto. Idan kuma kuɗin kwangila ya yi ƙasa, sai a matsa wa ma'aikata su yi sauri, su yi aiki a gajiye ko cikin iska. Babu ƙirƙirar da za ta magance haɗama.

Daga ƙarshe ina kira gare mu matasa. Mu daina rufe kowane hatsari da kalmar ƙaddara kafin mu tambayi abin da aka yi sakaci da shi; imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa kowa nauyin kiyayewa ba. Wanda zai nemi tallafin ƙirƙira, ya tuna ba manhajar waya kaɗai ce ƙirƙira ba. Igiyar ƙugu mai araha ma ƙirƙira ce. Wanda kuma zai kira mai sara gidansa, ya tambaye shi igiya da hular kwano, ya ƙara masa kuɗi in da hali, ya kuma kawar da yara daga gindin bishiya. Ran da ya hau sama saboda aikinka, amana ne a wuyanka har ya sauko.

Allah ya tsare mu, ya sa mu dace. Wassalam.