Keken Lantarki a Zaure

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, muna ganin kekunan lantarki suna ƙaruwa cikin birnin Kano. Ba su shan mai, amma suna bukatar kulawa.

Mu fara da batir. Yawancin gidajen cikin birni ƙofa ɗaya gare su, ta zaure, a nan ne kuwa akan jingine keke a sa masa caji. To, in batir ya kama wuta da dare, ta ina iyali za su fita? Motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga matsattsun lungunan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi. Saboda haka mu yi caji da rana, a inuwar tsakar gida, idonmu a kai. Kada mu ari cajar da ba tasa ba. In mun dawo cikin zafin bazara, mu bar batir ya huce tukuna. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake wari, kada a sake jona shi.

Kowace safiya mu matsa birkin gaba da na baya, mu duba iskar taya, mu gwada ƙararrawa. Keken nan ya fi na dā nauyi, ga shi ba ƙara. Yaron da ya fito daga lungu a guje ba zai ji zuwansa ba.

Ran Asabar mu goge ƙura da tsumma, ban da kwara ruwa. Mu sa wa sarƙa mai, mu duba ko ɓera ya ci waya.

'Yan'uwa, mu leƙa zaurenmu yau kafin mu kwanta.