Burauzar 'yan gem ba za ta gyara maka sabis ba

1/ Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Duk wanda ya ce maka ka sauke Opera GX a wayarka mai RAM 2GB don gem ya daina lagin, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma bidiyon wani Bature ya kalla ya zo yana yi mana tilawa. Ku gyara zama, zancen da ɗan tsawo. 🧵

2/ Wane gem muke bugawa a nan Ɗambatta? Free Fire, PUBG, Call of Duty, eFootball, Dream League. Duk manhajoji ne masu zaman kansu. Da ka buɗe su, burauza ta fita daga lissafi. Ko guda goma ka jera a waya, harsashinka ba zai riga na abokin karawarka isa ba.

3/ Abin da ke kashe ka shi ne ping: lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka zuwa eriyar sabis, ya wuce sabar gem ɗin, wadda galibi a wata ƙasa take, ya dawo. Shi ya sa ranar kasuwa, gari ya cika da fatake kowa na kan waya, gem ke shaƙewa, da asuba kuma ya tafi sumul. Ai burauzar ba ta canza ba tsakanin lokutan biyu.

4/ A yi wa Opera GX adalci. Ta fito a 2019 don kwamfuta, kuma tana da makunnin da za ka ƙayyade yawan RAM da burauzar za ta ci. Mai laftof da ke gem, ga shafuka a buɗe a gefe, zai amfana. Amma fa kanta take takurawa, ba ƙarfi take ƙara wa na'urarka ba. Ta waya kuwa, abin da za ka fi gani launuka ne da labaran gem.

5/ Ga abin da masu musu a majalisa ba sa so a faɗa: Chrome, Edge, Brave, Opera, Opera GX da Samsung Internet duk a kan Chromium aka gina su, injin da Google ke jagoranta. Opera ta koma kansa a 2013, Edge a 2020. Kamar 'yan acaɓa biyu ne kowa da Boxer, ɗaya ya yi wa nasa fenti da fitilu, yana rantsuwa ya fi gudu. Firefox ce mai injinta daban, Gecko.

6/ Wani zai ce, to gem ɗin da ake bugawa ta cikin burauza fa, irin GeForce Now? Madalla, mu yi lissafi. Nvidia da kanta ta ce ana buƙatar aƙalla 15Mbps don hoto matsakaici. A wannan gudun, awa ɗaya ta haura 6GB. Kai da ke lallaɓa 1GB ya kai ka kwana uku? Google ma da kuɗinta ta rufe Stadia a Janairun 2023.

7/ Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ma'aunin burauza a wurinmu uku ne: data nawa take sha, caji nawa take ci, kuma wayar na ɗaukarta ko tana sandarewa. Wanda ke kai waya shagon caji ya biya kuɗi ba ruwansa da kyan launi.

8/ Chrome: ita ce ta aikin da ba ya son kuskure. Fotal ɗin JAMB, NELFUND, rajistar makaranta ko a Audu Bako kake ko a BUK, biyan kuɗi. Yawancin masu gina shafuka da ita suke gwadawa. Aibinta: a 2022 Google ta cire tsarin rage shan data, wai data ta yi sauƙi a ƙasashe da dama. A ina? Ba dai nan ba. Kuma a waya ba ta karɓar ƙarin kayan toshe talla.

9/ Opera Mini: masu raina ta 'yan birni ne. Sabobin kamfanin ne ke karɓo shafin, su matse shi, su miƙo maka ɗan ƙarami. Idan ka nausa ƙauyukan wajen Dam ɗin Thomas ko hanyar Makoɗa, sabis ya koma E, ita ce za ta buɗe maka sakamakon ƙwallo lokacin da sauran ke ta juyi.

10/ Amma ka ji da kyau. A matakin matsewa mafi tsanani, shafin a can wurinsu ake buɗe shi kafin ya iso gare ka, kuma fom yakan karye a hanya. Don Allah kada ka sa lambar katin banki ko kalmar sirri a nan. Karatun labarai, e. Cike fom ɗin da rayuwarka ta rataya a kai, a'a.

11/ Brave da Firefox: su ne maganin talla. Brave tana toshewa tun daga buɗewa, Firefox kuma sai ka ƙara mata uBlock Origin. Tallan nan hotuna ne da bidiyo da kake saukewa da kuɗinka ba ka nema ba. Sai dai masu shafukan Hausa da tallan suke ci. Shafin da kake ƙaruwa da shi, ka buɗe masa ƙofa, ba faɗuwa ba ce.

12/ Burauzar da ta zo da waya kuwa, mai tashinka tsakar dare da "Kalli abin da wata jaruma ta aikata", shiga saiti ka kashe mata sanarwa yau ɗin nan. Masu UC Browser kuma su sani, tana cikin manhajoji 59 da Indiya ta haramta a Yunin 2020 tare da TikTok, bisa hujjar tsaro da bayanan jama'a. Kowa ya yi nasa hisabin.

13/ Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne linkin da ke yawo a gurup: "burauza mai data kyauta", "mai ƙara gudun gem". Ka sauke daga wajen Play Store, ta nemi izinin karanta saƙonninka, ka danna e. Lambar da banki ke turo maka ta cikin saƙon nan take zuwa fa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

14/ Matsayata: burauza biyu sun ishi kowa. Chrome don fom da kuɗi, sai ɗaya cikin Brave, Firefox ko Opera Mini don yawon yau da kullum, gwargwadon ƙarfin sabis a unguwarku. Sauran ka goge, wuri kawai suke ci.

15/ Gem kuma, rufe duk abin da ke gudu a baya, rage ingancin hoto a saitin gem ɗin, nemi inda sabis ya cika, kada ka buga waya na kan caji tana zafi. In da hali, tara kuɗi ka leƙa Farm Centre ka ɗauko mai RAM 4GB zuwa sama. Wannan ne zai canza wasanka.

16/ Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki. Yi mako ɗaya da taka, mako ɗaya da wadda na faɗa, ka shiga saiti ka ɗauko hoton datar da kowacce ta sha, ka ajiye a ƙasan nan. Da lamba za mu yi musu, ba da "wallahi ta fi sauri" ba.