Ba Jahilci Ne Ya Cika Illela da Leda Ba

Ra'ayin da ya yi rinjaye a yau, wanda ake ta nanatawa a rediyo da wuraren taro har ya kusa zama ijma'i, shi ne wai leda ta mamaye garuruwanmu saboda jahilcin talakawa, maganinta kuwa wayar da kai. A kan wannan fahimta ne samarinmu, Allah ya saka musu da alheri, suke fita da tsintsiya da shebur da baro, su yashe magudanan ruwa tun daga Lafani har bakin kasuwa, su yi wa 'yan talla nasiha, amma kafin kasuwar Lahadi ta watse ledar ta koma mazauninta. Niyyarsu kyakkyawa ce. Hujjar da aka ɗora su a kanta ce ba ta da tushe.

Wane ne jahilin? Mahaucin da ya farke tumbin akuya, ya zaro dunƙulen baƙar leda da ta cuɗe ta toshe hanyar abinci, ya fi kowane mai lacca sanin illarta, haka nan makiyayin da saniyarsa ke ramewa alhali ga dusa ga harawa a gabanta, da manomin da fartanyarsa ke tono leda a cikin takin da ya kwaso daga juji. Abin da suka rasa shi ne madadi. Matar da ta taho cin kasuwa daga ƙauye da tsakar rana a bazara, ta tarar famfo ba ya zuba, randar sadaka da iyayenmu ke girkewa a ƙofar gida kuma ta zama tarihi, idan ta sayi ruwan leda ta sha ta yar, larura ce ta sa ta, malaman fiƙihu kuwa tuni suka bambance hukuncin mai larura da na mai ganganci. A ina ma za ta jefa, tun da ba a tanadi wurin zubawa ba?

Masu cewa a kafa doka kawai a huta, ba sai sun yi doguwar tafiya ba, su tsallaka Birnin Ƙonni. Tun watan Nuwamba na 2014 Jamhuriyar Nijar ta haramta yin leda marar kauri da shigo da ita da sayar da ita, amma duk wanda ya sayi sukari ko yaji a can ya san da me ake ƙulle masa. A nan gida, Majalisar Wakilai ta amince da irin wannan ƙuduri a 2019, bai zama doka ba. Ruwanda da ake yawan kafa misali da ita, wadda ta hana leda a 2008, ta ci nasara ne domin hukuma ta tsare kan iyaka da masana'anta, ba ta ƙare ƙarfinta a kan mai ƙosai ba.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya sanya kula da kasuwanni da hanyoyi cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba, ban kuma ga dalilin da zai sa a sauke wannan amana a ɗora wa yara masu tsintsiya ba, a garin da kasuwarsa ta dabbobi ke tara kuɗin shiga duk mako.

Saboda haka, ya ku samari, ku ci gaba da shara, amma ku rage wa'azi ga talaka. Ku rubuta takarda, ku tafi sakatariyar ƙaramar hukuma ku nemi famfo mai zuba a kasuwa da motar kwasar shara mai rana sananniya. Ku zauna da masu kamfanonin ruwan leda da manyan dillalai, ku nemi su riƙa sayen ledar da aka tsinto a kan farashi, kamar yadda 'yan gwangwan ke sayen ƙarfe. Ku tafi da mahauta da sarkin kasuwa, su ne shaidunku.